Yadda ake ƙiyasta ranar da saƙon kaya zai iso ƙaramin gari a karkara

Kwanakin da mai sayarwa ke rubutawa a shafinsa, irin "kwana 2 zuwa 4", kusan kullum lissafin mutanen birni ne. An tsara shi ne don wanda gidansa ke kusa da babbar ma'ajiyar kamfanin kai saƙo, inda motar rabo ke fita kowace safiya. Wanda ke zaune a ƙaramin gari nesa da babbar hanya dole ya yi nasa lissafin. Kuma abin da ya kamata ya fi sa wa ido shi ne zaman jira. Kwali yana iya keta kilomita 800 a dare ɗaya, sannan ya kwana uku a ma'ajiya yana jiran motar da za ta kai shi kilomita 40 na ƙarshe. Don haka ƙiyasi mai kyau yana ƙirga wuraren da kaya ke tsayawa, da ranakun da abin hawa ke tashi daga kowannensu.

Ka tanadi kalanda, da takarda, da bayanai huɗu: rana da ƙarfen da aka yi odar, sunan kamfanin da zai ɗauki kayan da irin hidimar da aka biya, lambar bibiya (wadda ake duba inda kaya ya kai da ita a intanet) idan ta fito, da nauyi da girman kwalin.

Mataki na farko: gano ranar da ƙirga ke farawa

A nan mutane da yawa ke fara kuskure. Ranar da ka biya kuɗi ba a sa ta cikin lissafi. Kamfanonin kai saƙo suna fara ƙirga ne daga ranar da kaya ya shiga hannunsu, kuma ita kanta wannan ranar sifili ce, washegarinta ce rana ta ɗaya. Kafin nan akwai lokacin da mai sayarwa ke ɗauka yana ɗauko kayan daga sito, ya naɗe, ya manna takarda. Babban kanti yakan gama wannan a kwana 1 ko 2 na aiki. Mai ƙaramar sana'a da ke zuwa gidan waya sau biyu a mako yana iya kai kwana 4.

Sai kuma ƙarfen rufe oda. Kowane mai sayarwa yana da lokacin da idan ya wuce, odar ta zama ta gobe, domin motar kwasa ta riga ta zo ta tafi. Idan ƙa'idarsu ƙarfe 2 na rana ce, kai kuma ka yi oda ƙarfe 4, to ka ɗauka gobe ka yi ta. Idan mai sayarwa yana wata ƙasa, da agogonsu ake aiki.

Kada fitowar lambar bibiya ta ruɗe ka. Lamba tana fitowa da zarar an buga takardar adireshi a kwamfuta, alhali kwalin yana nan a ɗakin mai sayarwa. Layin da za ka nema shi ne wanda ke cewa kamfani ya karɓi kayan, tare da sunan wuri da ƙarfe. Daga nan ne agogo ya soma.

Mataki na biyu: kwanakin aiki kawai ake ƙirgawa

"Kwana 3" a bakin kamfani yana nufin kwanakin aiki 3. Cire ƙarshen mako da ranakun hutun gwamnati, na wurin da kaya ya taso da na wurin da zai sauka. A yawancin ƙasashe hutun Asabar da Lahadi ne, a wasu kuma Juma'a da Asabar. Manyan motocin da ke tafiya tsakanin birane sukan yi aiki har ƙarshen mako, amma ofishin rabo na ƙaramin gari ba ya cika buɗewa. Bayan dogon hutu kuma ka ƙara kwana ɗaya, saboda kaya sun taru, kuma wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama.

Mataki na uku: raba tafiyar zango-zango

Kaya ba ya tafiya kai tsaye daga mai sayarwa zuwa ƙofarka. Ana kwashe shi zuwa cibiyar tantancewa ta yankin da ya taso, a ware shi da dare bisa lambar shiyya ta gidan waya da ke cikin adireshi, a loda shi a babbar mota ko jirgi zuwa cibiyar yankinku, daga nan zuwa ma'ajiyar da ke kula da garinku, sannan motar rabo. Wani lokaci cibiyar tana gaba da garinku, sai ka ga a bibiya kaya ya wuce ku ya yi gaba. Ba ɓata ya yi ba, tsarin hanyar ke nan.

Tsakanin birni da birni, kwanakin da kamfani ya faɗa abin dogaro ne daidai gwargwado, domin hanyar da suka fi ƙwarewa a kanta ke nan. Ka ɗauki wannan adadi a matsayin lokacin isowa ma'ajiya mafi kusa da ku. Abin da ya rage daga nan shi ne aikinka.

Mataki na huɗu: zangon ƙarshe

Wannan shi ne ƙashin bayan lissafin gaba ɗaya, kuma ba za ka same shi a shafin intanet ba. Tambaya ake yi. Kai mota garin da ke da kwali biyar kacal a rana asara ce ga kamfani, don haka sai su bi ɗaya daga hanyoyi uku. Ko su tara kaya su riƙa aika mota a wasu ranaku na mako. Ko su miƙa wa gidan waya ya ƙarasa, tunda ma'aikacinsa na bin hanyar dama. Ko su ba wani ƙaramin ɗan kwangila ko wakili da ke da shago a garin, mutane su riƙa zuwa suna karɓa. Kowace miƙa hannu tana cin aƙalla kwana ɗaya, kuma a daidai nan ne bibiya ke yin shiru, saboda na'urar kamfani na biyu ba koyaushe take aika bayani ga na farko ba.

Ka samu direban da ke kawo kaya, ko ma'aikacin gidan waya, ko wakilin, ka yi masa tambayoyin nan:

Waɗanne ranaku mota ke shigowa garin?
Daga wace ma'ajiya take tasowa, kuma da ƙarfe nawa?
Kayan da ya iso ma'ajiya da safiyar ranar yana samun shiga, ko sai wanda ya kwana a can?
Garin yana farkon zagayen ne ko ƙarshensa?
Idan mota ta cika, wane kaya ake bari?

Tambaya ta uku ta fi kowacce nauyi. A yawancin ma'ajiyoyi ana loda motocin rabo tun da asuba, kayan da ya sauka da hantsi ya riga ya makara. A birni wannan makarar kwana ɗaya ce. A garin da mota ke zuwa sau biyu a mako, kwana 3 ce ko 4. Idan sau ɗaya take zuwa, mako ne cur. A matsakaici, zuwa sau biyu a mako yana ƙara kusan kwana 2 na jira, sau ɗaya kuma kwana 3 da rabi.

Tambaya ta huɗu kuma ita ke gaya maka ko za a kawo da safe ko da yamma, da kuma yiwuwar a koma da kayanka. Direba yana da iyakar awannin aiki. Idan hanya ta ci masa lokaci, garuruwan ƙarshen zagaye su ake ɗagawa zuwa fita ta gaba, ko da bibiya ta nuna tun safe cewa kaya ya fita rabo.

Misalin lissafi

Mu ce ka yi oda ranar Alhamis ƙarfe 4 na yamma. Mai sayarwa yana rufe oda ƙarfe 2, yana ɗaukar kwana 1 zuwa 2 kafin ya miƙa kaya. Kamfani ya ce kwana 2 zuwa 4 tsakanin birane. Motar garinku tana zuwa Talata da Juma'a, kuma sai kayan da ya kwana a ma'ajiya take ɗauka.

Odar ta zama ta Juma'a. Idan komai ya tafi daidai, an miƙa kayan Juma'a da yamma, babbar mota ta yi tafiya a ƙarshen mako, ya sauka a ma'ajiya Litinin, ya shiga motar Talata. Kwana 5 ke nan daga ranar oda. Idan ya sauka Talata da rana, mota ta riga ta tafi, sai Juma'a, kwana 8. Idan mai sayarwa bai miƙa ba sai Litinin, kaya ya sauka Laraba ko Alhamis, nan ma Juma'ar ce dai, kwana 8. Idan kuma an miƙa Litinin kuma hanya ta ci kwana 4 cif, ya sauka Juma'a da rana, sai Talata ta gaba, kwana 12.

Ka lura da abin da lissafin ya nuna. Kayan zai iso a kwana 5, ko 8, ko 12. Babu 6, babu 7, babu 9, tunda babu mota a waɗannan ranakun. Kuma hanyoyi da yawa a Juma'a suke haɗuwa, saboda haka ita ce ranar da za ka sa rai. Talata ta farko sa'a ce, Talata ta biyu kuma ita ce ranar da za ka faɗa wa wanda ke jiran kayan don wani aiki mai muhimmanci.

Wannan lissafin yana kuma gaya maka ko ya dace ka biya kuɗin gaggawa. Hidimar gaggawa tana rage kwanakin tsakanin birane ne kawai, ba ta canza ranar da mota ke shigowa garinku. Idan za ta sa kaya ya kama motar Talata maimakon ta Juma'a, kuɗin ya yi amfani. Idan kuwa kawai za ta sa ya sauka Talata da rana maimakon Alhamis, ka biya ne don ya daɗe a ma'ajiya. Sau da yawa yin oda kwana ɗaya da wuri ya fi kowace hidimar gaggawa. Ka kuma karanta ƙananan sharuɗɗa: manyan kamfanoni irin su DHL da FedEx da UPS suna da jerin yankunan da suke ɗauka a matsayin masu nisa, suna ƙara musu kuɗi, kuma alkawarin isarwa washegari ba lallai ya shafe su ba.

Girman kaya da irinsa

Ƙaramin ƙunshi da zai shiga jakar mai babur yana samun hanya da sauri fiye da babban kwali. Kamfanoni suna duba nauyi iri biyu, na sikeli da na girma, su ɗauki wanda ya fi. Hanyar da aka fi amfani da ita a saƙon jirgi ita ce a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5000. Kwali mai santimita 50 da 40 da 30 ya zama kilo 12 a lissafinsu, ko da matashin kai ne a ciki. Irin wannan kwalin shi ake fara bari idan mota ta cika. Kayan da ya haura kilo 30 galibi yana fita daga tsarin saƙon yau da kullum, ya koma na manyan kaya, wanda motarsa ba ta da ranar zuwa tsayayya, sai an kira ka an sa rana.

Batirin litiyam, da turare, da fenti, da gwangwanin feshi suna cikin kayan da dokokin jiragen sama suka taƙaita. Sau da yawa ta ƙasa ko ta ruwa ake bi da su, ko da an biya kuɗin jirgi. Idan kayanka na cikinsu, yi lissafi da hidima mafi jinkiri.

Idan daga wata ƙasa kayan zai zo

Zangon ƙarshe bai canza ba, amma an ƙara zango uku a gabansa: jiran jirgi a ƙasar da kaya ya taso, kwastam, da miƙawa ga gidan waya ko kamfanin cikin gida.

Lambar bibiya da kanta tana ba da labari. Saƙon da ya bi ta gidan waya yana ɗauke da lamba bisa tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874: haruffa biyu, lambobi tara, sannan haruffa biyu. Na ƙarshen suna nuna ƙasar da aka aiko, kamar CN na Sin, GB na Birtaniya, US na Amurka. Harafin farko kuma yana nuna irin hidimar. E na saƙon gaggawa ne na EMS, wanda ake ba fifiko a kowane zango. C na kwalin gidan waya ne na yau da kullum. R na saƙo mai rajista ne, ana sa hannu a karɓe shi, amma rajista ba ta ƙara masa sauri. L ƙaramin ƙunshi ne da ake iya bibiya. Wanda ya fara da U kuwa, kada ka sa ran ganin motsinsa bayan ya bar ƙasarsu.

Layin da ke cewa kaya ya bar ofishin musaya na ƙasar waje ba ya nufin yana cikin jirgi. An rufe buhun ne an miƙa wa kamfanin jirgi, kuma saƙo mai arha yana jiran sai an samu gurbi. Kwanaki da dama suna iya wucewa a nan ba tare da wani sabon layi ba.

Kwastam shi ne zangon da ya fi wuyar kintata. Kayan da takardarsa ta cika yana iya wucewa a kwana ɗaya ko biyu. Takardar ita ce CN22 ga ƙaramin ƙunshi mai ƙaramar daraja, CN23 ga wanda ya fi haka. Abin da ke tsayar da kaya sanannen abu ne: bayani na dunƙule irin "kyauta" ko "kayan gyara", farashin da bai yi kama da gaskiya ba, rashin rasit, rashin lambar wayar mai karɓa, ko kayan da ke buƙatar izini kamar magani da iri na shuka. Idan akwai kuɗin fito, agogo yana tsayawa cak har sai ka biya. Ga mutumin karkara matsalar ninki biyu ce, domin takardar sanarwar ma tana iya jiran motar Talata. Ka riƙa duba bibiya da kanka, da zarar ka ga an riƙe kaya ka kira, kada ka jira takarda.

Ka kuma duba kalandar ƙasar da kaya ya taso. Sabuwar shekarar Sin tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu da masu sayarwa da yawa suna rufewa fiye da mako guda. Akwai hutun farkon Oktoba a can ma. Daga 11 ga Nuwamba, ranar babban rangwame a kasuwannin intanet na Sin, har zuwa Kirsimeti, hanyoyin saƙo a duniya cike suke. A irin wannan lokaci ka ɗauki adadi mafi girma da kamfani ya faɗa a matsayin mafi ƙanƙanta.

Hanya, yanayi da adireshi

Hanyar da ba kwalta tana da lokutanta. Ruwan sama mai yawa, gadar da ruwa ya shafe, dusar ƙanƙara a ƙasashen sanyi, duk suna soke fitar mota, kuma fita ɗaya da aka soke tana nufin jiran zagaye na gaba. A lokacin da ka san hanya na lalacewa, ƙara zagaye ɗaya a kan ranar da ka fi sa rai.

Sai adireshi, wanda shi ne jinkirin da ke hannunka. Lambar shiyya da aka rubuta ba daidai ba tana tura kwali wata ma'ajiya dabam, kuma dawowarsa na cin kwana 2 ko fiye. Garuruwa masu suna iri ɗaya suna haddasa haka, don haka ka rubuta gunduma da jiha ko lardi. Inda tituna ba su da suna, sa alamar da baƙo zai gane, da lambar waya da ke shiga, har biyu idan sabis na yankin ba shi da ƙarfi. Lambar wuri ta Plus Code da ake samu a Google Maps tana taimaka wa direba ƙwarai. Direban da ya zo bai same ka ba, ya kira bai samu ba, ba zai dawo da yamma ba. Zai koma da kayan, kuma bayan gwaji biyu ko uku ana mayar wa wanda ya aiko. Idan ka san ba za ka kasance a gida ba, zaɓi a ajiye maka a gidan waya ko wurin wakili, ka tambayi kwana nawa suke riƙewa, ka tafi da katin shaida mai sunan da ke kan kwalin. Idan kana da hanyar zuwa birnin da ma'ajiyar take, roƙon a riƙe maka kaya a can yana cire zangon ƙarshe baki ɗaya.

Mataki na ƙarshe: ajiye tarihin kayanka

Babu ƙiyasin da ya kai wanda ka gina a kan abin da ya faru a garinku. Duk kayan da ya zo, rubuta kamfani, ranar oda, ranar da aka karɓa, ranar da ya sauka a ma'ajiya ta ƙarshe, da ranar da ya shiga hannunka. Idan sun kai goma daga kamfani ɗaya, jera kwanakin daga ƙarami zuwa babba. Mu ce duk odar Alhamis ce, ka samu 5, 5, 8, 8, 8, 8, 8, 12, 12, 19. Na tsakiya, wato 8, shi ne abin sa rai. Na tara a jerin, 12, shi ne na yin alkawari. Kada ka haɗa su ka raba goma: zai ba ka 9.3, wanda ya faɗa Asabar, ranar da babu mota, kuma wancan 19 guda ɗaya ne ya ja shi sama. Ka ware lissafin kowane kamfani dabam, na damina ma dabam.

Da wannan tarihin za ka san lokacin da shiru ya zama matsala. Kayan da ke ma'ajiya ta ƙarshe kuma mota ta zo garin sau biyu ba shi a ciki, a kira ma'ajiyar. Kayan cikin gida da ya yi kwanakin aiki 5 babu sabon layi, a shigar da ƙorafi. Na ƙasar waje a ba shi mako biyu na shiru kafin a ɗaga murya, sai dai idan layin ƙarshe na kwastam ne. Ka sani cewa mai aikawa shi ne wanda ya ƙulla ciniki da kamfani, don haka shi ke da ikon buɗe bincike da neman diyya. Ka tura masa lambar bibiya, da layin ƙarshe da ranarsa, da bayanin kamannin kwalin. A saƙon gidan waya na ƙasa da ƙasa ana karɓar neman bincike cikin wata shida daga aikawa, amma wa'adin kasuwannin intanet na mayar da kuɗi ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba, saboda haka ka rubuta ranar ƙarewarsa a kalanda tun ranar da ka yi odar.